Jinyar Murjani a Tarauni

Inna ta zo gidana a Tarauni da ƙullin kaya guda ɗaya, kuma tun a bakin ƙofa ta gaya mini ba za ta kwance shi ba. Asibiti ta zo, in ji ta, ba zama ba. Da zarar ruwan farko ya sauka za ta koma ƙauye ta shuka gyaɗarta. A lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, bakin kowa ya buɗe, daga mai shayi har ɗan acaɓa kowa ya san yadda za a gyara ƙasa. Ni kuwa damuwata ba ta wuce hawan jinin tsohuwar nan ba. Nas ce ni a ɗakin jarirai na asibitin koyarwa, na san abin da na gani a ma'auni, na kuma san uwata. In ta koma ƙauye, inda ba kowa a gidan tun rasuwar Baba, maganin zai ƙare a cikin kwalla a ƙarƙashin gado, ta koma wa jiƙe-jiƙenta, wata rana a aiko mini da mummunan labari. So nake ta zauna, ban kuma san ta inda zan ɓullo mata ba.

Abin da ya hana ta sakewa maigidana ne. Ba wani abu ya yi mata ba, bawan Allah daga nesa yake durƙusawa ya gaishe ta. Amma a wurin Inna, mace ta tare a gidan surukinta abin kunya ne da ba ya wankuwa. In ya shigo ta gaba, ita ta fice ta baya. In yana gida ba ta cin abinci, falo kuwa ko leƙa shi ba ta son yi. Ni ma da nake 'yarta ta fari ba ta taɓa kama sunana ba, "ke" ce ni tun ina goye. Kullum zancenta ɗaya, wai ba ta da aikin fari bare na baƙi a gidan nan, sai cin abincin mutane.

Ana cikin haka akwatin ruwan ya shigo. Wata likitar yara ce 'yar Masar da muka yi aiki tare, wa'adinta ya cika za ta koma ƙasarsu. Tana da wani akwatin gilashi da bai fi talabijin girma ba, cike da ruwan gishiri, da kifi biyu ruwan lemo masu ratsin fari, da duwatsu waɗanda wasu abubuwa suka tsiro a kansu, wasu kamar laimar kwaɗi, wasu kamar ƙananan furanni masu buɗewa da rufewa. Murjani ne mai rai, daga teku. Duk ranar da na je gidanta sai na tsaya a gabansa baki sake, shi ya sa da za ta tafi ta ce ni ce magajiya. Ta haɗa mini da buhunan gishirinsa, da ɗan injin da ke juya ruwa, da murfi mai dogayen ƙwan fitila biyu, ɗaya fari ɗaya shuɗi. Ta ja mini kunne a kan abu guda. Kifi ki ba shi abinci ya ci, amma murjani haske yake ci. A cikin namansa akwai wasu 'yan tsirrai da ido ba ya gani, su ke haɗa masa abinci da haske. Yana son fari mai ƙarfi haɗe da shuɗi, tun safe har shigar dare, kuma ba ya shiri da zafi.

Akori-kura muka ɗauka. Ruwan a jarkoki, kifi da duwatsu a bokitai, ni a gaba na rungume gilashin kamar jaririn da aka ba ni amana. Komai ya iso lafiya sai murfin. Direban ya faɗa wani rami a Gyadi-Gyadi, na ji ƙarar daga baya, na ce shi ke nan. Ƙwan fitilar duka biyun sun zama gari.

Da muka gama haɗa akwatin a falo na kira Inna ta gani, tunda maigidan ya fita. Ta leƙa, ta tambayi sunan abin, na ce murjani. Ta dube ni sama da ƙasa. Ita ta san murjani, kakata ta bar mata, ja ne, mai tauri, a wuya ake sa shi. Wannan dai, in ji ta, majina ce a kan dutse, amma kifin ba laifi, sai dai ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba.

Maganar fitila kuwa maigidan ne ya fara tsoma baki. Ma'aikacin gwamnati ne, rediyo ba ta barin kunnensa, kuma tun da aka koma mulkin farar hula komai a gidanmu sai ya ce a kaɗa ƙuri'a, har irin miyar da za a yi. Ɗan takararsa shi ne ƙwan lantarki na gida, mai jan haske, babba. Haske dai haske ne, in ji shi, turawa ne da son wahalar da kai. Na bar shi ya ci zaɓe. Muka rataya ƙwan a saman ruwan da safe, ranar ina hutu. Kafin azahar ruwan ya yi ɗumi kamar na alwalar tsoho, kifin sun taso sama suna haki, furannin sun dunƙule kamar hannun mai rowa. Da gudu na shiga maƙwabta wurin mai sayar da ƙanƙara, na zo na jera ledoji a kan ruwan suna yawo. Da yamma na shaida wa maigidan cewa an soke zaɓen, kuma ba kotun da zai je.

Washegari na tafi Gyadi-Gyadi wurin wani Alhaji mai kayan wuta. Na ce fitila nake so fara da shuɗiya. Ya tambayi girman ɗakin, na gwada masa da hannu, ya ce ɗakin kaji ne? Na ce kifi ne da dutse mai cin haske. Ya dubi fararen kayan aikina, ina jin a ransa cewa ya yi yawan kwana a asibiti ya fara taɓa ni. Duk da haka ɗan kasuwa ba ya cewa babu. Ya ɗauko shuɗin ƙwai irin wanda masu aski da masu sayar da kaset suke ratayawa a shago, ya rantse duk Kano ba shuɗin da ya kai shi. Har da wata igiya ya jawo mai ƙananan fitilu ja da kore masu ƙyaftawa, wai kyauta ce in na sayi biyu. Na ce Alhaji, kifi ne fa, ba amarya ba.

Da na ɗaura shuɗin ƙwan, falonmu ya koma shagon aski sak. Maigidan ya shigo, ya nemi kujera ya zauna, ya cire hula ya ce a rage masa gefe da gefe. Ban yi dariya ba, don na riga na kankare jikin ƙwan da farce na ga fenti ne kawai. Jan ƙwan nan ne aka shafa masa shuni, ga zafin yana nan, hasken kuma ya ragu. Murjanin ko kallonsa bai yi ba.

A wurin aiki amsar ta same ni. Jariran da aka haifa da shawara, waɗanda ido da jiki suka yi rawaya, a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila muke kwantar da su, mu rufe musu ido, hasken ya yi ta aikinsa. Shekara da shekaru ina juya jarirai a ƙarƙashinta ban taɓa kawo komai a raina ba. Ranar nan na miƙa hannu zan gyara wa wata 'yar tsito kwanciya, sai na ga hannun rigata ya yi wani irin shuɗi mai zurfi, irin wanda nake gani a falon likitar nan. Wannan ba fenti ba ne, hasken ne da kansa shuɗi. Ana tashi na tsallaka titi zuwa shagunan masu kayan asibiti na sayi gajeren ƙwan irin wannan fitilar. Na koma wurin Alhaji na ce ya ba ni dogon fari, ba mai ja-ja ba, mai hasken rana tsaka. Na hau acaɓa na riƙe su a tsaye kamar mai ɗauke da tuta, ina gaya wa ɗan acaɓar cewa in ya kuskura ya faɗa ramin nan na Gyadi-Gyadi, ni da shi sai an raba mu.

Mai gyaran wuta ya zo ya ɗaura su a murfin, na sa ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ruwan don zafi ya sami hanyar fita, muka kafa 'yar fanka a gefe. Da aka kunna, wallahi sai da na zauna. Bakin laimomin nan ya kama wani koren haske kamar daga cikinsu yake fitowa, furannin suka shiga buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kifin suka fito fes. Inna da kanta sai da ta gitta ta ƙofar falon sau biyu, wai tsintsiya take nema.

Daga nan na ɗauka magana ta ƙare. Layinmu ba a cika ɗauke masa wuta ba saboda kusancinmu da asibiti, in ma an ɗauke akwai ɗan janaretan maigidan. Da safe in zan fita aiki na kunna, bayan isha'i na kashe. In na dawo da yamma na tarar da fitila tana ci, komai tsaf.

Amma murjanin sai ya fara lalacewa. Koren ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Laimomin suka tsuke, suka miƙa wuya sama kamar masu neman wani abu. Wasu furannin suka rufe ba su sake buɗewa ba. Ba wanda ban zarga ba. Na zargi gishirin, na zargi ruwan famfo, na canza ruwa har bayana ya ƙage. Na koma na tsaya a shagon Alhaji na ce jabu ya sayar mini, muka yi ta sa-in-sa har masu wucewa suka tsaya kallo. Maigidan ya ba da shawarar a kafa kwamitin bincike, shi ne shugaba. Ga zafin bazara ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa ta gabas, kullum da yamma Inna tana tsakar gida ta ɗaga kai tana karanta sama. Har ta aika ƙauye a tanadar mata iri. Na rasa da wanne zan ji.

Wata safiya na je aiki aka ce an sauya mini zuwa aikin rana, sai na juyo gida da hantsi, lokacin da ban saba dawowa ba. Na tura ƙofar falo na tarar da duhu. Fitila a kashe. Akwatin kuwa an lulluɓe shi ruf da atamfa, kuma ba kowace atamfa ba, ta Sallar Inna, an cusa gefunanta da kyau yadda ko ƙuda ba zai leƙa ba. Injin ruwan kaɗai ke gurnani a ciki, shi ma don tana tsoron taɓa shi ne.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na tambaye ta wa ya kashe fitilar. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa yake kunna fitila da rana tsaka in ba mahaukaci ba? Gidan mutane ne. Ina zaune a ce surukarsa ta zo ana ƙona masa wuta a banza?"

Ashe aikin da ta samar wa kanta ke nan tun zuwanta. Muna fita za ta bi ɗaki-ɗaki tana kashe duk abin da muka bari a kunne, don ta rage wa surukinta asara. In an kira la'asar sai ta yaye zanen ta kunna, tunda a ganinta fitilar ta ado ce, don mu dawo mu kalli kayanmu. Zanen kuwa saboda matan maƙwabta ne, da ke shigowa kallo su yi ta santi, ba mai cewa tubarkalla. Ita ba ɓoyewa take yi ba. Ba wanda ya tambaye ta ne.

Kaina ya ɗauki zafi. Da ɗalibata ce a asibiti, da ranar sai ta yi da-na-sanin zaɓen aikin nas. Amma Inna ce. Na shiga kicin na sha ruwa, na fito na durƙusa a gabanta na fara bayanin 'yan tsirran da ke cikin nama suna haɗa abinci da haske. Ta ce ita ta yi noma tun ban zo duniya ba, ba ta taɓa ganin dutse ya ci abinci ba. Na sake ta wata hanyar, ta ce boko dai bai yi mini rana ba. Har na haƙura zan tashi, sai ta ce, wai ma me ya sa fitilar take shuɗiya kamar ta mayu? Na ce ai irin wadda muke sa wa jarirai masu shawara ce.

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta taɓa ganinsu. Ranar da ta je ganin likitanta ta biyo ta ɗakinmu nemana, ta tsaya a bakin taga tana kallon 'yan jariran nan da ido a ɗaure a ƙarƙashin shuɗin haske, ta yi ta yi musu addu'a har muka iso gida.

"Wato ba shi da lafiya," ta ce.

"Ba shi da lafiya, Inna."

"Ni kuma kullum ina cire masa magani."

Ta ajiye tiren, ta karkaɗe zaninta, ta shiga falon da ba ta taɓa zama a cikinsa ba, ta yaye atamfar ta ninke. Da yatsanta ta danna makunnin.

Duk wanda ya taɓa shiga asibitinmu ya san 'yan jinya. In mutum ya kwanta, wani nasa zai zo da tabarma da buta ya tare a gindin bishiya ko a baranda, kuma ba ya motsawa sai ranar da aka sallami mai jikin. Washegari na tarar da tabarmar Inna a falo a gaban akwatin, ga buta, ga carbi, ga mafici. Rana na fitowa ta kunna, ana idar da isha'i ta kashe. In an ɗauke wuta maigidan yana ciki, matar da ba ta taɓa yi masa magana ba sai ta fuskanci bango ta ce a gaya wa masu gida an ɗauke wuta. Shi kuma ya fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, ya yi wajen janareta. In ba ya nan ta aika a kira maƙwabcinmu ya ja mata.

Ni ma na ga hanya na bi. Na ce mata mai jinya ba ta kwanciya, in ta faɗi wa zai kula da fitila? Na ajiye maganinta a gefen makunnin. In ta kunna ta haɗiyi na safe, in ta kashe ta haɗiyi na dare. Maganin da da sai na yi ta lallashi, yanzu ko tuni ba ta buƙata. Ma'auni ya fara nuna abin da nake so.

Sau ɗaya ta kusa kashe mana majinyacin. Ta samo saiwar da ake jiƙa wa masu shawara a ƙauye, ta jiƙa a kofi har ya yi jawur, ta nufi akwatin da bisimilla. Maigidan ne ya gan ta. Ba halin ya ce wa surukarsa kul, ba halin ya riƙe mata hannu. Sai ya tsaya a ƙofa ya kama tari, yana ƙwala mini kira kamar gobara ta tashi. Da kyar muka daidaita a kan a ajiye kofin a gefen gilashin, ƙamshin ya riƙa shiga.

Labari ya zaga layi cewa Inna tana jinya. Matan maƙwabta, waɗanda yawancinsu daga ƙauye mazansu suka kawo su kamar ita, suka fara shigowa dubiya. Su yi sallama, su zauna a tabarma, su ce ya mai jiki, Inna ta ce da sauƙi alhamdu lillahi, jiya ma ya ɗan buɗe ido. Yanzu kowa sai ta ce tubarkalla, in ta manta a tuna mata. Wasu don tsokana har da lemo da ayaba a leda suke zuwa, maigidan ya dawo ya cinye a madadin mara lafiya. Inna ta yi ƙawaye. Na dawo aiki na jiyo dariyarta tun daga waje, abin da rabona da ji tun Baba yana da rai.

Ni na fara ganin sauƙin. Koren ya dawo bakin laimomin, suka baje, furannin da na fid da rai da su suka buɗe. Amma ban yi murna ba. Jinya da sallama take ƙarewa. Na kama bakina na yi shiru, in ta tambaye ni na ce ai irin wannan ciwon a hankali yake tafiya.

Sai ga ruwan farko ya sauka, mai yawa, har ramin Gyadi-Gyadi ya zama tafki. Ba a yi kwana nawa ba ƙanin Baba ya iso. Direban hayis ne a hanyar garinmu, ya ce ƙasa ta jiƙu, mutane duk sun yi shuka, in ta shirya yau zai wuce da ita. Ƙullin kayanta yana bakin ƙofa, inda ta fito da shi tun daren da aka yi ruwan. Aka gaisa, aka sha ruwa.

Inna ta ce, "Ke, zo ki duba mai jikin nan. Ke ce ma'aikaciya."

Na matsa. Akwatin yana ta walƙiya, ko makaho ya shafa ya san an warke. Ƙarya a gaban uwata da ƙanin ubana ba zan iya ba. Na buɗe baki na ce Inna ai ya sami lafiya.

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Duba nan."

Ta sa yatsa a jikin gilashin. A gindin babbar laimar, a gefen dutsen, ga wata 'yar mitsitsiya ta ɓullo, ba ta fi ƙwayar wake ba, da ɗan korenta a baki. Ni da nake taƙamar ni na fara ganin komai, ban lura da ita ba.

"Haihuwa aka yi," in ji Inna. "Wa yake tafiya ya bar mai jego?"

Ƙanin Baba ya dube ni, ya dubi akwatin, ya tambaya a hankali ko jegon dutse kwana nawa yake ɗauka. Ta ce ita ma ba ta taɓa yi ba, sai abin da ta gani. Ta ce ya ba 'ya'yansa gonar su shuka, in an cire gyaɗa a kawo mata rabonta. Da ya tafi ta tura mini ƙullin da ƙafa, ba ta dube ni ba, ta ce na nema mata inda za ta zuba tsummokaranta. Ƙullin ya daɗe a ɗaure har ya ƙi kwantuwa da hannu, sai da na sa haƙori, kuma na ji daɗin hakan, don ta ɗauka wahalar ƙullin ce ta kawo mini hawaye.

Murjanin kuwa bai daina haihuwa ba, wannan na girma wani na fitowa. Inna ta shekara da yawa a gidanmu. Ba ta taɓa cin abinci a gaban surukinta ba, ba ta taɓa kama sunana ba, kuma har ta bar duniya ba ta fasa bin ɗakuna da rana tana kashe mana fitilu ba. Guda ɗaya ce kawai take wucewa ta bari a kunne.